Biskit Ba Ta Barcin Hunturu

Asabar, 14 ga Oktoba

Mako guda ke nan da ni da Mama muka dawo gidan Afi, mahaifinta. Ɗakina a sama yake, can ƙarshe, wanda Mama ta girma a ciki. Da sanyi. Ba irin mai sa ka karkarwa nan take ba, irin wanda yake zaune a bango yana jira.

Akwatin gilas na macijiyata Biskit yana kan tebur, nesa da taga. A gidan hayarmu na Winnipeg ban taɓa damuwa da ma'aunin zafi ba, ginin kullum a ɗumame yake har sai mun buɗe taga. A nan dabam. Gefen da fitilar zafi take ya kamata ya kai digiri talatin da ɗaya. Yau da safe ashirin da huɗu na gani. Ɗaya gefen ba na son in rubuta.

Wuta ɗaya ce a gidan nan, murhun itace na kicin. Zafinsa ba ya hawa bene, a matakala ta uku yake gajiya.

Afi yana ce wa Biskit igiya. Ni kuma ɓera yake ce min, wai ba a jin motsina. Ya ce in yi hankali kar igiyar ta ɗauka ni ce abincin. Na yi dariya a ciki, ban sani ba ko ta fito.

Baba ne ya saya min ita kafin ya tafi Alberta. Ƙaramar mesa ce, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Ba ta taɓa saran kowa ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Na dawo daga makaranta na tarar fitilar a kashe, shimfiɗar zafin da ke ƙarƙashin gilas ta yi sanyi ƙalau. An zare filogin.

Afi ne. Da mun fita sai ya zaga gida yana zare duk abin da ke haɗe da bango, rediyo, talabijin, har agogon kicin. Wai wayoyin gidan sun girmi Mama, wata rana gobara za su yi. Biskit tana cikin ɗan kogonta a dunƙule, ta cusa kai a tsakiya. Na taɓa ta. Kamar na taɓa bakin famfo.

Na mayar da filogin. Ina saukowa na shirya maganar tsaf, kalma bayan kalma. A tebur Afi ya ce in miƙo gishiri. Na miƙa.

Muna wanke-wanke na faɗa wa Mama. Ta gaji, har yanzu da kayan aikinta na gidan tsofaffi a jikinta. Ta ce gidansa ne, in bari mu zauna tukuna. Can kuma ta ce, Signy, ki faɗa masa da bakinki mana, ai ba ya cizo.

Na san ba ya cizo.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ya sake zarewa.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na tura kwalin littattafai na rufe soket ɗin. Na dawo na tarar kwalin a jere da kyau gefe guda, filogin a kansa.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Bayan cin abincin rana Afi ya ce in sa takalmi zai nuna min abu. Muka bi ta bayan tsohon garke har inda ƙasa ta rufta ta yi rami, farin dutse duk tsaga-tsaga. Ya nuna da sandarsa. Da farko ban ga komai ba. Sai na ga ɗaya, siririya mai layi rawaya, kwance a kan dutse tana shan ɗan ranar da ta rage. Ta motsa a hankali kamar mai ciwo, ta zurara cikin tsagar.

Ya ce ta makara, sauran tuni sun sauka. Dubbai ne a ƙarƙashin ƙafarmu a cure wuri ɗaya. Tun yana yaro yake ganinsu, su shiga da kaka, su fito da bazara da ƙarfinsu, ba wanda ya taɓa kunna musu fitila.

Yana maganar fuskarsa ta yi laushi. Ban taɓa jin ya yi min doguwar magana haka ba.

Sai ya ce maciji ba wuta yake so da hunturu ba, barci yake so. Ya ce ina hana baiwar Allah barci da ƙwan lantarki a ka dare da rana, wa zai jure wannan. Ya ce, ko ba haka ba, ɓerana?

Na san amsar. Biskit ba irin waɗannan ba ce. Kakanninta daga ƙasar zafi suke, can Afirka, irinta ba sa wannan barcin, sanyi kashe su yake yi. Duk yana bakina. Yana kallona yana murmushi, iska tana kaɗa masa hula.

Na gyaɗa kai.

Ban san me ya sa ba. Kaina ne ya yi da kansa.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Ranar cin abincinta. Ɓerayenta suna cikin firiza a leda, kusa da kifin Afi. Baldur, abokinsa da ke zuwa shan kofi kullum, ya gan ni ina ɗauka ya ce wa Afi daga yau ya daina cin miya a gidan nan. Afi ya ce dama ba a gayyace shi ba.

Na narkar da ɗaya a ruwan ɗumi, na riƙe da hantsaki a bakin kogonta ina ɗan girgizawa. Da can kafin in ƙifta ido ta cafke. Yau ta fito da kai, ta zaro harshe sau ɗaya, ta mayar da kan.

Ban ji hawowar Afi ba. Yana bakin ƙofa da kofi a hannu. Ya ce kin gani ko, cikinta ya rufe, lokaci ya yi.

Ba lokaci ba ne. In ba ta ji ɗumi ba abincin ruɓewa zai yi a cikinta, ita ma ta sani.

Litinin, 30 ga Oktoba

Dusar ƙanƙara ta farko, 'yar kaɗan. Ni da Mama muka liƙe tagogi da leda. Tawa tana kumbura tana lotsawa kamar ɗakin yana numfashi.

Abin da nake yi yanzu: na rufe ragar saman akwatin da takardar gasa abinci mai ƙyalli, na bar wa fitila gurbi. Na naɗe gefe uku da bargona. Da safe kafin motar makaranta ta zo ina cika jakar roba da ruwan zafi, in sa ta a safa, in ajiye a ciki kusa da kogon. Na san kafin azahar ta huce. A aji ina kallon agogo ina tunanin yanzu ta fara sanyi, yanzu ta gama.

Malama ta tambaye ni wani abu yau, ban ji ba. Aka yi dariya.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Tana wani sauti in ta ja numfashi. Ƙas. Ƙas. Kamar ana taɓa farce da farce. Sai ka kai kunne jikin gilas za ka ji.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Mama ta aike ni ɗakin ƙasa in ɗebo dankali. Ba na son wurin. Ƙofarsa a ƙasan kicin take, a ɗaga ta da zobe, tsani ya sauka cikin duhu. Warin ƙasa da albasa. Ana ganin hucin baki.

An share wata kanta. An kwashe kwalaben da ke kai an jera a ƙasa. A wurin akwai sabon akwatin katako, ɗan madaidaici, an huda masa ƙananan ramuka a murfi, a layi, da kyau. Na ɗaga. Busasshen ganye ne a ciki, an shimfiɗa da kauri. Har gefunan an goge su sumul don kar su yi karce.

Na daɗe a tsaye. A sama ina jin takun Afi yana yin fito da bakinsa.

Na hau da dankalin. Ya ce na daɗe, ko na haɗu da 'yan uwana ɓeraye ne.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Afi ya ce mako mai zuwa za a rufe sama. Haka ake yi kowace shekara tun zamanin mahaifinsa: a ja ƙofar matakala, a cusa tsumma a ƙasanta, a rataya bargo, kowa ya sauko kusa da murhu har bazara. Mama za ta kwana a ƙaramin ɗaki, ni a doguwar kujerar falo. Ba wanda ya ce komai game da akwatin gilas.

Baldur yana nan. Ya ba da labarin wata shekara da macizai suka yi hunturu a ɗakin ƙasan mahaifiyarsa, cikin dankali, guda nawa ma ba a sani ba. Tsohuwar ta ƙi sauka har Mayu, shinkafa suka yi ta ci. Da bazara ta zo suka fita ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai mutu ba. Afi ya ce ƙarya yake ƙarawa kowace shekara, bara goma ne. Baldur ya ce bara ba shi da mai sauraro mai hankali kamar wannan, dubi yadda ba ta katse mutum.

Afi ya kalle ni ya kashe ido ɗaya.

Na hau sama na zauna gaban gilas. Akwai ɗan kumfa a gefen bakinta.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na ce cikina na ciwo. Mama ta taɓa goshina ta ce in ɗauki jakata.

Na dawo a guje daga bakin titi. Tana nan. Fitilar ma a kunne, bai zare ba. Wataƙila ya fasa. Wataƙila akwatin na wani abu ne, na albasar furanni ko makamancin haka.

Gobe zan faɗa masa. Da safe, kafin Baldur ya zo.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Da safe ban faɗa ba. Yana aski a madubin kicin, na ce bari ya gama, sai mota ta yi ƙaho.

Da na dawo, tun daga ƙofa na ga bargon a rataye a bakin matakala. An rufe sama. Kayana suna kan kujerar falo a ninke. Akwatin gilas yana ƙasa a lungu, an wanke shi tas, an naɗe wayoyin an ɗaure. Babu komai a ciki.

Afi yana zaune yana gyaran safar hannu. Ya ɗago da fara'a ya ce ya kwantar da ita tun da safe, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce bai so in gani ba don kar in yi kuka.

Ban cire takalmi ba. Na ja zoben na sauka. Hannuna ya kasa buɗe murfin, sai da na sa duka biyu.

Ba a dunƙule take ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Tana miƙe a kan ganyen, kanta a karkace, bakinta a ɗan buɗe. Na ɗauke ta, ta rataya a hannuna kamar tiyon ruwa da aka manta a waje. Na ɗaga rigata na sa ta a jikin cikina, na rufe da duka rigunan. Sanyin ya sa na kusa faɗuwa.

Afi yana saman tsani, ya tare hasken. Ya ce in mayar da ita. Ya ce in aka ta da maciji a tsakiyar barci shi ne yake mutuwa, ya sha gani. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta lallashi ce. Ya ce, haba ɓerana, ki yarda da ni.

Na ce, “Afi, ba barci take ba.”

Ya ce me na ce. Kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Dole na sake, da ƙarfi, ɗakin ya mayar min da muryata.

“Ba barci take ba, mutuwa take. Ba 'yar nan ba ce. Inda danginta suke ba a taɓa ganin ƙanƙara ba. Naka na bayan garke dabam, wannan dabam. Tun da muka zo sanyi yake cinta, duk ranar da ka zare filogin.”

Ina jin murhu yana ƙara a bayansa.

Ya ce, “Na tambaye ki a bakin ramin.”

Na ce e.

“Kin gyaɗa min kai, Signy.”

Bai taɓa kiran sunana ba tun da muka zo. Na ce ya matsa in wuce. Ya matsa.

A kicin ya buɗe ƙofar murhu yana cusa itace, ya jawo kujera dab da wutar ya ce in kawo ta nan. Na ce a'a, zafi farat ɗaya ƙarasa ta zai yi, a hankali ake yi. Ya tsaya da itace a hannu. Ya ce to me zai yi. Na ce ya ɗauko akwatin gilas ya sa a kan tebur, jikin bangon ciki, ya kwance wayoyin. Ya yi. Ya kwance ƙullin da shi ya ɗaura. Na nuna masa wanne ke shiga ina.

Na zauna a tsakiyar kicin da ita a ciki. Mama ta dawo ta same mu haka. Ta kalli ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe, ta kalli cikina, ba ta tambaya ba.

Har rana ta faɗi ba komai. Sai can na ji wani abu ya ɗan matse a haƙarƙarina. Kaɗan. Na ɗauka ni ce nake so in ji. Sai ya sake.

Ban faɗa musu nan take ba. Ina tsoron in na faɗa zai daina.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Afi ya kai mu wurin likitar dabbobi a gari. Ya daɗe da kunna mota kafin mu fito, har kujerar ta yi ɗumi. Biskit tana cikin rigar matashin kai, a cikin kwat ɗina.

Na ɗauka shi zai yi bayani. Ya zauna ya ɗora hula a gwiwa yana kallon ƙasa. Likitar ta kalle shi, ta kalle ni. Sai na faɗa. Duka, har da nawa.

Ciwon huhu ne. Ta yi mata allura, ta koya wa Mama yadda za a yi sauran a gida. Ta ce ɗumi, ɗumi, kar ya sauka ko na awa ɗaya. Na tambaya za ta rayu? Ta ce ba za ta yi min alkawari ba.

A hanya Afi bai kunna rediyo ba. Gonaki fari fat har ƙarshen ido.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Ƙas ɗin yana nan. Tana ɗaga kai sama ta buɗe baki, ta daɗe a haka. Ba na iya kallo, ba na iya daina kallo.

Afi ya jawo sabuwar waya daga ɗakin injin ruwa, mai kauri, don akwatin kaɗai. Ya yini yana yi. Ba ya ce mata igiya yanzu. Ba ya ce mata komai. Ni ma ba ya tsokanata, kuma ban san ina son tsokanar ba sai da ta tafi.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ta sha ruwa. Na ga maƙogwaronta yana motsi.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

An ce guguwa tana zuwa tsakiyar mako. In wuta ta ɗauke fa? Na tambaya a tebur, haka kawai ya fito. Afi ya ajiye cokali ya ce ya yi tunanin wannan. Duwatsu ya ɗebo, za a ɗumama a kan murhu a naɗe da tawul. Ya ce ko ba daidai ba ne? Na ce daidai ne, amma a waje da gilas, ba a ciki ba. Ya ce to.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Guguwar ta zo ta wuce. Wuta ta ɗauke yini guda, muka yi ta canza duwatsu ni da Afi, ma'aunin bai sauka ƙasa da ashirin da bakwai ba.

Yau na kai kunne jikin gilas na daɗe, ban ji ƙas ba. Wataƙila tukunya ce ke tafasa ta rufe sautin. Ba ta ci ba tukuna. Likita ta ce kar a gwada sai an gama allura. Amma da safe ta fito da kanta ta kwanta ƙarƙashin fitila, harshenta yana ta aiki, har ta bi hannun Afi da kai lokacin da ya wuce da buta.

Baldur ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana karkaɗe ƙanƙara daga takalmi, ƙofar a wangale, yana ba da labarin motarsa da ta maƙale. Iska ta shigo har labule ya tashi.

Wani ya ce, “Baldur, rufe ƙofar nan, ka ƙarasa labarin a ciki.”

Ya rufe. Ya tsaya yana dube-dube, ya tambayi Afi ko an yi baƙuwa ne a gidan. Afi ya ce ya zauna ya sha kofinsa tun ba a kore shi ba.

Ni ce na faɗa. Kunnuwana suna zafi har yanzu. Ba wani abu ba ne, ƙofa ce kawai, kuma kowa ya ga ma'aunin yana sauka.

Alhamis za mu gwada mata ɓera. Na ce wa Afi shi zai riƙe hantsakin.